Tambayoyi da Amsoshi Kan Raunin Tsaro a Na'urorin Rarraba Mabuɗin Sirri na Kwantum

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ma'aikatan tsaron sadarwa, da ɗaliban fiziks, da jami'an da aka ɗora wa alhakin sayen kayan aiki, duk lokacin da aka gaya musu cewa akwai wata na'ura da ba a iya satar sirrinta. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa waɗanda suke buƙatar dogon bayani.

1. Mene ne rarraba mabuɗi ta hanyar kwantum?

Hanya ce da mutum biyu da ke nesa da juna suke samar da mabuɗin sirri iri ɗaya, wato jerin sifili da ɗaya da babu wanda ya san shi sai su, ta hanyar aika ƙwayoyin haske ɗai-ɗai a cikin zaren gilashi ko ta sarari. Kwantum kuwa shi ne reshen fiziks da ke bayanin halayen irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi. Masana suna taƙaita sunan da haruffan QKD. Tsari na farko, wanda ake kira BB84, Charles Bennett na kamfanin IBM da Gilles Brassard na Jami'ar Montreal ne suka gabatar da shi a wani taro a Bangalore ta Indiya a 1984. Mai aikawa yana ɗora sifili ko ɗaya a kan yanayin kowace ƙwaya, bayan ya zaɓi ɗaya daga cikin ma'auni biyu bisa ƙuri'a, mai karɓa kuma ya zaɓi nasa ma'aunin shi ma bisa ƙuri'a. Idan an gama sai su bayyana wa juna ma'aunan a fili, su riƙe inda zaɓinsu ya zo ɗaya, su zubar da sauran.

Tsaron ya dogara ne a kan abu biyu: auna ƙwaya da ma'aunin da bai dace ba yana jirkita ta, kuma tun 1982 aka tabbatar cewa ba a iya kwafar yanayin ƙwayar da ba a sani ba. Mai laɓe da ya tare ƙwayoyi ya auna, sannan ya aika wasu a madadinsu, zai jawo kuskure na kashi 25 cikin ɗari, alhali tsarin yana watsar da mabuɗi idan kuskure ya wuce kimanin kashi 11. Ya kamata a lura cewa na'urar ba ta ɓoye saƙo da kanta. Mabuɗi kawai take samarwa, sai a miƙa shi ga wani tsarin ɓoye saƙo kamar AES.

2. Idan dokokin fiziks ne suke tsaron mabuɗin, ta yaya za a ce akwai rauni?

Hujjojin lissafi da suka tabbatar da tsaron BB84 ingantattu ne, babu wanda ya rushe su. Amma kowace hujja tana farawa ne da sharuɗɗa: cewa fitilar mai aikawa tana fitar da ainihin yanayin da aka nufa, cewa idanun na'urar mai karɓa suna amsa haske kamar yadda aka zana su, cewa ƙuri'ar zaɓen ma'auni ta gaskiya ce, kuma cewa babu wani bayani da ke fita daga cikin akwatunan biyu sai wanda aka yi niyyar fitarwa. Hujjar tana kare na'urar da ke kan takarda. Wadda ke cikin ɗakin sadarwa kuwa an haɗa ta ne da leza, da madubai, da wayoyin lantarki, da manhaja, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da halayen da takardar ba ta ambata ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar a nan ita ce tazarar da ke tsakanin zanen da ƙarfen.

Wannan ba sabon abu ba ne. Gwajin farko da Bennett da Brassard da abokan aikinsu suka yi a 1989 ya aika haske tazarar kimanin santimita 30 kacal, kuma Brassard da kansa ya ba da labarin cewa na'urar ba da wutar lantarkinsu tana yin ƙara iri dabam-dabam gwargwadon yanayin da ake aikawa, har mai kunne zai iya samun bayani ba tare da ya taɓa ƙwayar haske ko ɗaya ba. A ganina duk wanda ya fahimci wannan labarin ya fahimci rabin batun.

3. An taɓa karya na'urar da ake sayarwa, ko maganar ta tsaya a rubuce?

An karya, kuma ba sau ɗaya ba. A 2008 rukunin Hoi-Kwong Lo a Jami'ar Toronto ya gwada harin sauya lokacin isowar ƙwaya a kan wata na'urar kamfanin ID Quantique na Suwizalan. A 2010 Lars Lydersen da Vadim Makarov da abokan aikinsu na jami'ar Trondheim ta Norwe da cibiyar Max Planck da ke Erlangen ta Jamus suka nuna cewa ana iya makantar da idanun na'urori biyu na kasuwa a mallake su, Clavis2 ta ID Quantique da QPN 5505 ta kamfanin MagiQ na Amurka. A 2011 aka kai harin ƙarshensa a Jami'ar Ƙasa ta Singafo, inda aka dasa kayan satar a tsakiyar layin bincike mai tsawon mita 290, aka kwashi mabuɗin gaba ɗayansa, masu layin kuma ba su ga wata alamar da za ta tayar musu da hankali ba.

Duk waɗannan masu bincike ne suka yi su, kuma a harin 2010 an sanar da kamfanonin kafin a wallafa sakamakon. Amfanin aikinsu shi ne sun nuna kafar tun kafin mai mugun nufi ya bi ta cikinta.

4. Yaya harin makantar da ido yake aiki?

Idon da yawancin na'urori suke amfani da shi wani ɗan ƙaramin diyod ne da ake ɗora wa ƙarfin lantarki har ya ɗan haura iyakar da zai iya ɗauka cikin natsuwa. A wannan hali ƙwayar haske guda ɗaya ta isa ta tayar da ambaliyar lantarki, na'urar ta ƙirga cewa ta ga wani abu. Idan mai laɓe ya haska wa idon haske mai ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, lantarkin da ke gudana yana sa ƙarfin ya sauko ƙasa da iyakar, sai idon ya daina jin ƙwaya guda. Bai mutu ba, ya dai koma kamar na'urar auna haske ta yau da kullum, wadda ba ta motsawa sai walƙiya ta kai wani mizani.

Daga nan sauran aikin mai sauƙi ne. Mai laɓe ya tare ƙwayar mai aikawa, ya auna ta da ma'aunin da ya zaɓa, sannan ya tura wa mai karɓa walƙiya mai ƙarfi ɗauke da sakamakon da ya samu, ya kuma daidaita ƙarfinta yadda za ta ɗan haura mizanin. Idan ma'aunin mai karɓa ya zo ɗaya da nasa, hasken duka zai faɗa a ido guda, idon ya amsa, su biyun su rubuta lamba ɗaya. Idan ma'aunan sun saɓa, hasken zai rabu gida biyu, kowane rabi ya kasa kai mizanin, babu idon da zai amsa, mai karɓa kuma ya ɗauka ƙwayar ta ɓace a hanya kamar yadda dubbai suke ɓacewa kullum. Ke nan mai karɓa ba ya ganin komai sai a lokutan da ya yi daidai da mai laɓe, kuskuren kashi 25 da aka ambata a amsa ta 1 kuma ba ya bayyana sam.

Abin da ya sa wannan hari ya girgiza fannin shi ne babu wata dokar kwantum da aka keta. Hasken da aka yi amfani da shi na yau da kullum ne, kayan kuma ana samun su a kasuwa. An fitar da idon ne daga yanayin da hujjar lissafi ta san shi a ciki. A 2011 an nuna cewa hatta idanun da ake yi da siririyar waya mai tsananin sanyi, waɗanda ake ganin sun fi inganci, ana iya juya su ta irin wannan hanya.

5. Ba a toshe wannan kafar ba tun daga lokacin?

An yi ƙoƙari ta hanyoyi da dama: sa mai gadi a bakin layi da zai yi ƙara idan haske ya yi yawa, lura da lantarkin da ke ratsa idon, da kuma sauya ƙarfin ganin idon bisa ƙuri'a domin a kama wanda bai san an sauya ba. Wasu daga ciki sun hana harin a siffarsa ta farko. Matsalar ita ce facin da aka yi domin hari guda yana zuwa da nasa sharuɗɗan. A 2016 masu bincike, tare da injiniyoyin ID Quantique, sun gwada dabarar sauya ƙarfin gani da kamfanin ya sa a na'urarsa, suka gano cewa ta dogara da wani zato da mai hari zai iya karyawa. Mai gadin haske ma ana iya lalata shi, kamar yadda aka bayyana a amsa ta 8. Maganin da ya tumɓuke matsalar daga tushe yana amsa ta 11.

6. Ƙarancin kuskure a kan layi ba shaida ba ce ta cewa babu mai laɓe?

A'a. Shaida ce kawai idan na'urorin suna bin sharuɗɗan hujjar. Ban da makantarwa, akwai harin da ke cin gajiyar bambancin idanu biyu: idon da ke karanta sifili da wanda ke karanta ɗaya ba su cika buɗewa a daidai lokaci guda ba, don haka idan mai laɓe ya gaggauta ƙwaya ko ya jinkirta ta da ɗan taƙi, ya san wane ido ne ya fi yiwuwa ya amsa, ba tare da ya auna komai ba. A 2011 kuma an nuna cewa ana iya yaudarar Clavis2 a lokacin da take daidaita kanta da tsawon layi, har ta ƙirƙiro wannan bambancin da hannunta.

7. Ɓangaren mai aikawa fa, ina rauninsa?

Fitilar da ke fitar da ƙwaya guda tak a kowane lokaci tana da wuyar samu, shi ya sa ake amfani da leza da aka raunana. Adadin ƙwayoyin da ke cikin kowace walƙiya ba ya hannun kowa. Idan matsakaicin adadin ya kasance 0.1, kamar yadda aka saba a da, kusan walƙiya 90 cikin 100 fanko ne, kusan 9 suna ɗauke da ƙwaya guda, sannan kimanin ɗaya cikin 200 tana ɗauke da biyu ko fiye. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne abin nema. Mai laɓe zai iya cire ƙwaya ɗaya ya ajiye, ya bar 'yar'uwarta ta wuce lafiya, ya jira a bayyana ma'auni sannan ya auna tasa. Idan kuma ya riƙa danne walƙiyoyi masu ƙwaya guda, ya ɓoye ɓarnar a cikin asarar layi, to mabuɗin zai fito ne daga waɗanda yake da kwafinsu. Brassard da Norbert Lütkenhaus da abokan aikinsu sun fayyace haɗarin wannan hari a 2000.

Wannan yana cikin kafofin da aka toshe da hujja. Won-Young Hwang ya kawo shawarar walƙiyoyin tarko a 2003, aka cika ta a 2005 ta hannun Lo da abokan aikinsa da kuma Xiang-Bin Wang. Mai aikawa yana cuɗa walƙiyoyi masu ƙarfi dabam-dabam, mai laɓe bai san wacce ce tarko ba, duk danniyar da ya yi kuma za ta bayyana idan aka kwatanta adadin da ya isa daga kowane rukuni. Sai dai sharaɗin shi ne tarkon ya yi kama da na gaske ta kowace fuska in ban da ƙarfi. Idan ya bambanta a launi, ko a lokacin fita, ko a siffar walƙiya, an koma gidan jiya.

8. Gaskiya ne ana iya leƙa cikin akwatin ta zaren gilashin?

Gaskiya ne, domin zaren da haske ke fita ta cikinsa haske na iya shiga ta cikinsa. A harin da aka laƙaba wa sunan dokin Troy, mai laɓe yana tura walƙiya cikin akwatin mai aikawa, ta ratsa na'urar da ke ɗora yanayi a kan ƙwaya, wani ɗan kaso nata ya dawo daga mahaɗai da fuskokin gilashi ɗauke da hoton zaɓin da aka yi. An yi nazarinsa tun 2001 a Trondheim, rukunin Nicolas Gisin na Janiba ta Suwizalan kuma ya faɗaɗa binciken a 2006. Kariyar ita ce matattarar da ke barin haske ya bi hanya guda, da matatar launi, da mai gadi, tare da lissafa ɗan abin da ya tsira a rage shi daga mabuɗin. Amma waɗannan kayan an gina su ne domin launin da ake aiki da shi, galibi mai tsawon zango na nanomita 1550, kuma sukan yi sakaci a wani launin.

Akwai wanda ya fi wannan tsanani, wato ƙona wani sashe da leza mai ƙarfi. Gwaje-gwajen da aka wallafa daga 2014 zuwa gaba sun nuna cewa ana iya kashe mai gadin haske, ko a rage ƙarfin abin da ke raunana leza, na'urar kuma ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Na'urar da ta ci jarrabawa ranar da aka kafa ta tana iya zama wata dabam bayan wata guda. A ɓangaren mai karɓa kuma, idon da ya yi ambaliya yakan fitar da ɗan haske ya koma layi, wanda zai iya tona wane ido ne ya amsa.

9. Me ya sa ake cewa sai da mabuɗi ake samun mabuɗi?

Saboda ƙwayar haske ba ta san wanda ya karɓe ta ba. Idan ba a tantance hirar da ake yi a fili ba, mai laɓe zai yanke layin, ya zama mai karɓa a wajen ɗaya, ya zama mai aikawa a wajen ɗayan, ya ƙulla mabuɗi da kowanne. Tantancewar tana buƙatar ɗan gajeren sirri da aka raba tun farko, galibi ta tsarin Wegman da Carter, ko kuma sa hannu na lissafi irin wanda aka saba. Don haka abin da na'urar take yi a haƙiƙa shi ne tsawaita sirrin da ake da shi. Yadda aka kai wancan sirrin na farko, da wanda ya riƙe shi, da abin da za a yi idan ya ƙare, duk fiziks ba shi da ta cewa a kansu.

10. Mene ne matsalar nisa, kuma me ake nufi da zangon amana?

Zaren gilashi mai kyau yana cinye rabin haske a kowace kilomita 15, don haka bayan kilomita 100 kashi ɗaya cikin ɗari ne ya rage. Ba a iya sa na'urar ƙara ƙarfi a hanya, domin hakan kwafa ne, kuma kwafa ita ce abin da aka ce ba ta yiwuwa. Mafitar da ake bi a yau ita ce a yanka hanya zango-zango, kowane zango ya ƙulla mabuɗi da na gabansa. Layin Beijing zuwa Shanghai mai tsawon kimanin kilomita 2,000, wanda aka buɗe a 2017, yana da irin waɗannan zanguna 32. Tauraron ɗan'adam Micius da ƙasar Sin ta harba a 2016 shi ma zangon amana ne a lokacin da ya haɗa Beijing da Biyana ta Ostiriya a 2017. A kowane zango mabuɗin yana hannun na'urar wurin, saboda haka tsaron layin duka ya koma kan ƙofa, da maigadi, da amanar ma'aikaci. Wanda ya ci zango guda ya ci mabuɗin.

11. Akwai tsarin da ba ya dogara da amincin na'ura?

Akwai mataki biyu. Na farko shi ne tsarin da Lo da Marcos Curty da Bing Qi suka gabatar a 2012, inda ɓangarorin biyu duka suke aikawa zuwa wata tasha ta tsakiya, ita ce ke da idanun, tana kuma sanar da alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin biyu ba tare da ta san lambar kowa ba. Ko mai laɓe ne ya gina tashar, ba zai samu mabuɗi ba. Wannan ya share duk hare-haren da ke amsoshi na 4 da 6 a lokaci guda. Wani reshensa da masu binciken kamfanin Toshiba da ke Kambirij ta Birtaniya suka fitar a 2018 ya tsawaita nisa ƙwarai, har a 2023 aka kai kimanin kilomita 1,000 a gwaji a ƙasar Sin, ko da yake mabuɗin da ake samu a wannan nisa kaɗan ne ainun. Amma yanzu fitilu biyu ne ake tsaro a maimakon ɗaya, kuma duk abin da ke amsoshi na 7 da 8 game da ɓangaren mai aikawa yana nan daram.

Mataki na biyu ya samo asali ne daga tunanin Artur Ekert na 1991: a yi amfani da ƙwayoyi masu sarƙaƙƙiyar alaƙa, a bar gwajin Bell, wanda ke auna ƙarfin wannan alaƙa, ya shaida ingancinsu ko wane ne ya ƙera kayan. An nuna shi a aikace a 2022, a Oxford tsakanin ƙwayoyin zarra biyu masu tazarar mita 2, a Munich kuma aka gwada tsarin a tazarar mita 400. Babban ci gaba ne a kimiyyance, amma bai kai matsayin kayan kasuwa ba. Shi ma yana da sharuɗɗa: ɗakin kada ya yi yoyon bayani, ƙuri'ar ta zama ta gaskiya, layin hira kuma a tantance shi.

12. Mai hari zai iya hana aiki ko da bai saci komai ba?

Cikin sauƙi. Tunda tsarin yana tsayawa da zarar kuskure ya yi yawa, duk wanda ya kai ga zaren zai iya dakatar da samar da mabuɗi ta hanyar lanƙwasa shi ko zuba masa haske. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce abin da sadarwar take komawa a kai idan hakan ta faru, domin idan tana komawa tsari mai rauni ne, to mai harin ya samu abin da yake so.

13. Me hukumomin tsaro suka ce?

Hukumar NSA ta Amurka ta ce ba ta ba da shawarar amfani da QKD wajen kare tsare-tsaren tsaron ƙasa, ta kuma kafa hujja da rashin tantancewa, da buƙatar kayan aiki na musamman, da haɗarin maciya amana a zanguna, da wahalar tabbatar da ingancin na'ura, da sauƙin hana aiki. Cibiyar NCSC ta Birtaniya ta ɗauki matsayi makamancin haka a 2020. A watan Janairun 2024 hukumomin Faransa da Jamus da Holan da Suwidin suka fitar da takarda ta haɗin gwiwa, inda suka ce fasahar ba ta nuna ba tukuna, kuma fifiko ya tafi ga sababbin tsare-tsaren lissafi masu jure wa kwamfutar kwantum, wato sabuwar kwamfutar da ake fargabar za ta iya karya tsare-tsaren da aka saba, irin waɗanda hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta kammala ƙa'idojinsu uku na farko a watan Agustan 2024. Ƙasar Sin da Tarayyar Turai kuwa suna ci gaba da shimfiɗa layuka. Ina ganin sukar tana da tushe, sai dai ba ta rushe darajar fasahar ba, domin mabuɗin da aka samar lafiya a yau ba a iya naɗe shi a ajiye a jira kwamfutar gobe ta warware shi, kuma babu tsarin lissafin da ke da tabbacin hakan.

14. Wanda zai sayi irin wannan na'ura, me ya kamata ya tambaya?

Ya fara neman hujjar tsaron da na'urar ta dogara a kai tare da jerin sharuɗɗanta a rubuce, sannan ya tambayi wanda ya auna kowane sharaɗi a jikin ƙarfen, ko kamfanin ne da kansa ko wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Tun 2023 akwai ma'aunin ISO/IEC 23837 da ya tsara buƙatun tsaro da hanyoyin gwaji, hukumar ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, kuma ta fitar da nata kundin sharuɗɗan tantancewa, don haka akwai abin da za a riƙe mai sayarwa da shi. Ya tambayi yawan hasken da akwatin zai iya jurewa kafin kariyarsa ta lalace, da launukan da aka gwada, da yadda na'urar take sanar da mai ita idan wani sashe ya canza hali. Ya nemi sanin adadin zangunan da mabuɗinsa zai ratsa da masu riƙe da su, da yadda ake sabunta manhaja, domin akwatin kwamfuta ne shi ma, yana da duk raunin da kwamfuta ke da shi. Sannan ya tabbatar cewa ana cuɗa mabuɗin kwantum da wani da aka samar ta tsarin lissafi mai jure wa kwamfutar kwantum, yadda mai hari zai buƙaci karya duka biyun kafin ya karanta saƙo guda.